Hancin Ya Aisa

In aka ce a lissafa abin da Ya Aisa ta mallaka ranar da ta shigo gidana a unguwar Barunde, nan Gombe, baki ba zai gaji ba: zane a ƙugu, zane a ka, surukarta Rauda da goyo a baya, da wata 'yar batta ta fata ɗaure a haɓar zane. Sai kuma hanci. Hancin nan shi ne dukiyar. Shi ya ciyar da su, shi ya tufatar da su, shi kuma ta tashi kashewa da hannunta ina zaune ina kallo.

Shekarar da Bama ta faɗi ne. Mai unguwa ya bi gida-gida yana cigiyar ɗakin da ba kowa don 'yan gudun hijira. Ni kuwa tun rasuwar maigidana Malam Hamman ɗakinsa a rufe yake, gizo-gizo ke sarauta a ciki. Na ce a kawo min mata. Sai ga ta, doguwa, baƙa, tsage reras a kumatu, ƙafafu sun kumbura kamar an hura su. Ta yi sallama, ta tsaya tsakar gida, ta ɗaga hanci sama kamar akuya ta ji hadari. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce:

"Gidan Fulata ne wannan."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Man shanu. Kuma ya kwana biyu, ya fara tashi."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Na daɗe ina roƙon Allah ya ba ni baiwa, ashe Babarbariya zai turo min har gida."

Matar da ta baro gawar ɗanta Wakil ba ta samu ta ga an rufe shi ba, matar da ta keto daji a ƙafa, sai ga ta tana dariya har tana dafa bango. Daga baya Rauda, matar marigayin, ta gaya min dariyar farko ke nan tun fitowarsu. Wanda bai san wasan Fulani da Barebari ba zai ce zagi muke yi. Mu kuwa da shi muka ƙulla zumunci. Daga ranar ba ta taɓa kirana Asta ba sai in magana ta yi nauyi. Kullum Fulata.

Sana'arta turaren wuta da humra. A hannun uwarta ta koya, uwar kuma a hannun tata uwar. Ta ce tun tana ƙarama, in an aike ta kasuwar Bama sayen itacen turare, 'yan kasuwa ɓoye na banza suke yi in sun hango ta, don sun san za ta tona su a gaban jama'a. Aure bai raba ta da kasko ba, haihuwa ba ta raba ta da shi ba. Ta aurar da 'ya'yan mutane da ƙamshi har Maiduguri.

A gidana da ɗan abin da mutanen masallaci suka tara musu ta fara. Ta sayo itace kaɗan, sukari, da madarar turare 'yar kwalba. Ni dai na zuba ido in ga mudu ko cokalin awo, ban gani ba. Ta narka sukari, ta zuba itacen tana juyawa, ta ɗiga wannan, ta ɗiga wancan, ta sunkuya ta ja numfashi ido a rufe. Wani lokaci ta ce, "Da saura." Wani lokaci ta sauke tukunya kamar an tsikare ta. Shi ke nan awon. Na tambaye ta yaya take sanin ya yi. Ta ce, "Ke yaya kike sanin saniyarku a cikin garke?"

Kafin shekara ta zagayo, matan unguwannin Madaki da Tumfure sun san ƙofar gidana. Keke na ajiye wata, wani na ɗaukar wata. Ni da na saba da warin hayaƙin itace da daddawa, sai ga zannuwana suna ƙamshi kamar na amarya. Na ce mata tsufa ya zo min da gata. Ta ce aikin lada take yi, tana wanke Fulata.

Wani abu guda ne ba na so a wurinta, shi ne battar nan. Garin taba ne a ciki, an daka shi da kanwa. In ta ci abinci sai ta kwance haɓar zane, ta ɗiba da yatsu biyu, ta shaƙa nan, ta shaƙa nan, ta yi atishawa, ta ce kai ya washe. Uwar mijinta ce ta fara ba ta tun tana amarya, wai maganin ciwon kai da mura.

Ni taba ba baƙuwata ba ce. Malam Hamman sigari ya sha tun yana saurayi, kuma ni na yi jinyarsa. Na san tarin da ke sa namiji ya riƙe ƙofa, na san abin da ake gani a tsumma bayan tarin. Na gaya mata. Ta ce, "Naku hayaƙi ne, shi ke ƙona ƙirji. Nawa gari ne, ganye da kanwa, me zai yi?" Har faɗa take yi wa samarin unguwa da suka koyi zuƙar shisha a bayan shagon caji. Ta ce ƙamshin ƙarya ne, an yi wa guba kwalliya da warin lemo. Na ce, "Laifi tudu ne, Babarbariya. Ki sauko daga kan naki tukuna." Ta yi kamar da bango nake.

A wancan lokacin sau biyu ne ko uku a yini. Da a haka ta tsaya, da wataƙila na gaji na yi shiru.

Sai ranar da bam ya tashi a babbar kasuwa, ana sayayyar ƙaramar Sallah. Ta je sayen sukari da kwalabe. Allah ya yi da sauran kwananta, tana can wani layi daban. Amma ta bi ta wurin kafin ta samu hanyar fita. Ta dawo ba kaya, ba takalmi ɗaya, ta zauna a ƙofar ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Da aka sha ruwa ba ta taɓa abinci ba, battar ta jawo. Ta shaƙa, ta ƙara, ta ƙara, hawaye na zuba na zafin taba. Na ce ya isa haka. Ta ce, "Asta, warin ya shiga. Irin na Bama ne sak. So nake ya fita."

Na bar mata battarta. Wa zai ce wani abu a ranar?

Daga nan battar ta bar haɓar zane ta koma tafin hannu. Kafin sallar asuba, bayan sallar asuba, kan tukunya, kan tabarma. Gefen mayafinta ya rine ya koma ruwan ƙasa. Muryarta ta koma ta mai mura kullum. Wata rana na ga ta juya baya tana tare jini da tsumma, ta ce zafin rana ne.

Abin ya ɗauki lokaci kafin in gane inda ɓarnar ta nufa. Na farko, na lura madarar turare tana saurin ƙarewa. Ta ɗiga, ta sunkuya, ta ce da saura, ta ƙara, ta ce 'yan kasuwar Gombe sun fara haɗa kaya da ruwa. Na biyu, wata rana sukari ya kama a tukunya, hayaƙi ya tashi har maƙwabta suka leƙo, ita tana zaune kusa da murhu tana tsince itace, ko gezau. Da na yi magana ta ce mura ce ta toshe ta. Kuma kun san maganin mura a wurinta. Hanci na rufewa tana ƙara masa taba don ya buɗe, tabar tana ƙara rufe shi. Kamar mai kashe gobara da man gyaɗa.

Rauda ta san komai. Ita ke wanke tukwane, ita ke cika kwalabe. Amma suruka ce. Yarinyar da ko sunan matar ba ta iya faɗa, ko abinci ba ta ci a gabanta, ta yaya za ta buɗe baki ta ce, turarenki ya lalace? Sai ta riƙa bi a ɓoye tana surka wanda ya yi ƙarfi da sabon itace.

Asiri ya tonu a kan kayan Hajiya Halima Sadiya, wata mai aurar da 'ya a Tumfure. Ta ba da aikin turaren ɗaki da humrar amarya, aiki babba, irin wanda in ya yi kyau dangin ango ma sai sun zo neman mai shi. Ya Aisa ta hana kowa taɓawa, ta ce wannan da hannunta za ta yi. Aka kai. Bayan kwana biyu Hajiya ta zo da kanta, Allah ya sa Ya Aisa ta tafi gaisuwar rasuwa. Matar kirki ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗiba ta zuba a garwashi a gabana. Wallahi sai da idona ya yi ruwa. Ƙauri a ƙasa, turare a sama kamar an mare ka. Ta ce, "Goggo, ni na san hannun Ya Aisa. Wannan ba shi ba ne. Lafiyarta ƙalau kuwa?"

Da ta tafi na zauna ina tunani. Gidan nan bakuna uku ne a kan hanci ɗaya. Ba gona, ba ɗa namiji, ba garin komawa. In maganar nan ta zaga gidajen biki, an gama. In kuma na gaya mata kai tsaye, za ta ce Fulata me ta sani a ƙamshi, mutanen da ke shafa man shanu su ce sun yi kwalliya. Mai gardama ba a kayar da shi da baki.

Da ta dawo na bari ta huta. Na ƙulla daddawa a tsumma mai kauri, daddawar kalwa mai ƙarfin nan da in na buɗe tukunyarta take cewa in fita da ita bayan gari. Na miƙa mata, na ce wani ɗan kasuwa ne ya kawo kajiji daga Borno, wai a gwada kafin a saya. Kajiji saiwa ce da suke sakawa a turare, tana ji da ita.

Ta karɓa. Ta kai hanci, ta rufe ido yadda ta saba, ta ja numfashi. Ta sake ja. Rauda na bakin murhu ta daskare da ludayi a hannu.

Ta ce, "Ba laifi. Bai kai na da ba, amma a saya."

Na ce, "Kwance ki gani."

Ta kwance. Ta daɗe tana kallon daddawar nan a cinyarta. Na shirya wa zagi, har na tanadi amsa. Ba ta zage ni ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Sai ta juya wajen Rauda ta ce, "Tun yaushe?" Yarinyar ta durƙusa, kai a ƙasa, ta ce, "Tun bayan babbar Sallah, Ya." Na faɗa mata zuwan Hajiya Halima Sadiya, ban rage komai ba.

Can ta ce, a hankali, "Asta, to me ya sa har yanzu nake jin warin kasuwar nan? Sandal ya tafi, miski ya tafi, daddawarki ma ta tafi. Shi yana nan."

Na ce, "Don ba a hanci yake ba. Kin yi ta dukan jaki, ɓarawo na kan katanga."

A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar kasuwa, wataƙila har da wanda ba ta yi ba a Bama. Na bar ta ta yi. Da ta gama na ce ta ba ni daddawata, ba a miya da hawayen Barebari, gishiri zai yi yawa.

Washegari na kira Janet, 'yar Kaltungo da ke haya a gidan da ke kallon namu, ma'aikaciyar jinya ce. Ta haska hancin da fitilar waya ta ce, "Kai, Mama! Wannan ai kamar an bi shi da borkono." Ta auna jininta ta ce ya hau sosai. Ba ta tsaya nan ba, ta sa mu a keke sai asibiti. Likita ya duba hanci, ya duba baki da maƙogwaro, ya ce a gode wa Allah bai ga mugun ƙari ba, don garin taba na kawo shi kamar yadda sigari ke kawowa. Ya ce tabar da kanwar sun cinye fatar cikin hancin, kuma tabar tana ƙara hawan jinin. Ya Aisa ba ta ji duk wannan ba. Tambaya ɗaya ta yi: zai dawo? Ya ce ba zai yi mata alkawari ba. In ta bari, wataƙila. In ba ta bari ba, ta yi sallama da shi.

A keke muna dawowa ta kwance battar ta jefa min a cinya. Ta ce, "Riƙe. Baiwa ai ita ke riƙe wa uwar ɗakinta kaya."

Kada wani ya ce muku barin taba abu ne na rana ɗaya. Sabo turken wawa, in ji mutane, amma na ga ya ɗaure mai wayo ma. Matar nan ta zama kunama. Ta yi faɗa da ni, ta yi faɗa da kaji, ta yi faɗa da mai tallan ruwa don ya yi sallama da ƙarfi. Kanta ya yi ta sara, yatsun nan biyu suna ta laluben haɓar zane ba komai. Na cika mata gaba da aya da goro. Janet kan leƙo in ta taso aiki ta ce, "Mama, yau wa muka cinye?" Ta ce, "Ke ce ta gaba."

Sau ɗaya ta karya. Ta ce za ta gaida wata 'yar garinsu a Madaki, ta dawo fuska a sake, tana ta fara'a har da tambayata ko ina son ta taya ni tankaɗe. Na ce a raina, yau Babarbariya da taya aiki? Na kama gefen mayafin na duba, ga shaida ruwan ƙasa. Na shiga ɗaki na ɗauko battarta na ajiye a gabanta, na ɗauko kaskon turarenta na ajiye kusa da ita. Na ce, "Gidana ƙarami ne, ba ya ɗaukar biyu. Zaɓi ɗaya in kai ɗayan bola." Ta harare ni kamar za ta cinye ni. Sannan ta zaro ƙullin tabar da ta sayo daga cikin ɗankwali ta watsa a kwata da kanta. Ta ce, "Allah ya isa tsakanina da Fulata." Na ce amin.

Aiki kuwa bai jira hanci ba. Bikin Tumfure na matsowa, kuma ta rantse sai ta sake wa Hajiya kayanta. Dole ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zaunar da Rauda a gaban tukunya ta ce, "Yau ke ce hancina. Ajiye kunyar nan a ƙofa, in mun gama ki ɗauka." Ya Aisa ke ɗiga turare, ita ke kallon launin sukari, Rauda ke juyawa tana sunkuyawa.

"Me kika ji?"

"Ƙamshi, Ya."

"Ƙamshi! Sabulu ma ƙamshi ne. Ya tsaya a goshi ko ya sauka ƙirji?"

"Yana goshi."

"To da saura. Juya."

Abin da uwarta ta ba ta ba da magana ba, sai ga shi tana neman kalmomin da za ta ba da shi. Wani lokaci Hausa ta ƙare mata ta koma Barbarci, su yi ta yi, ni ina gefe ina cewa a dai yi gulmata da sauƙi. Yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a gabanta, ran nan na ji ta ce, "A'a, Ya, kada ki ƙara, ya yi." Ya Aisa ta tsaya da kwalba a hannu, ta dube ta, ta mayar da murfi. Kayan suka tafi Tumfure. Hajiya ta aiko da cincin da dubulan, da saƙon cewa hannun ya dawo. Ya Aisa ta tura kwanon gaban Rauda.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Jini ya daina zuba, muryarta ta washe, Janet ta ce awon jinin ya sauko. Hanci dai shiru. Kowace safiya sai ta buɗe kwalbar miski ta kai, ta rufe, ta ajiye. Na daina tambaya, ita ma ta daina faɗa.

Wata hantsi na ɗora wake na shiga ɗaki neman allura, na tsaya ninke kaya, na manta. Rauda ta tafi kai yaro rigakafi. Sai na ji murya daga ɗakin Malam Hamman, da ƙarfinta na da:

"Wace ƙazamar ce take ƙona wake a gidan nan?"

Na fito da gudu zan yi kan murhu, sai na tsaya. Ƙofarta a rufe take da labule. Ba ta ga hayaƙi ba. Ta ɗaga labulen ta fito, hanci a sama kamar ranar da ta fara shigowa, tana ja, tana ja, hannu a ƙirji. Muka tsaya muna kallon juna, wake na ci gaba da ƙonewa. Ranar gayan tuwo muka kusa ci, kuma ban taɓa jin daɗin asarar tukunya irin ta ranar ba.

Bai dawo duka ba, kada in yi ƙarya. Abu mai ƙarfi tana ji. Amma bambance sandal na gaske da na bogi, wannan ya zama aikin Rauda, kuma yanzu 'yan kasuwar Gombe ita suke ɓoye wa na banza. Ya Aisa na zaune gefen tukunya tana ba da umarni, in samarin shisha sun wuce ta kira su ta ce su zo su ga tsohuwar da ta sayar da rabin hancinta a kan gari, su da suke sayar da ƙirji gaba ɗaya. Warin kasuwa kuwa, ta ce yakan zo jefi-jefi. In ya zo sai ta ɗauki carbi, ko ta fito ta neme ni da faɗa.

Kwanan baya na tambaye ta ko tana baƙin cikin rabin da bai dawo ba. Ta matso, ta shinshina kafaɗata, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Wanda ya dawo ma ya yi min yawa. Fulata, yaushe rabonki da canza man shanun nan?"